Ranar da Sadaukai Suka Yi Gum: Tarihin Fitowar Shiru a Mujallun Zane na Amurka

A cikin mujallun da kamfanin Marvel na birnin New York ya buga da kwanan watan Maris na 1984, akwai fitowa ta 21 ta G.I. Joe, wadda aka raɗa wa suna Silent Interlude. Yaran da suka biya santi 60 suka saye ta sun buɗe sun tarar da shafi 22 na zane, daga farko har ƙarshe babu wanda ya ce uffan. Babu kumfar magana a saman kan kowa, babu akwatin bayani a kusurwa, babu ma irin manyan haruffan nan da ake zanawa don nuna ƙarar bindiga ko fashewar bam. Nan da nan jita-jita ta bazu cewa kuskure aka yi a maɗaba'a, an manta ba a sa kalmomin ba. Marubucin, Larry Hama, ya yi shekaru yana maimaita wa masu tambaya cewa da gangan ya yi.

Dalilin da ya sa mutane suka fi saurin yarda da kuskure a kan ganganci yana cikin tarihin wannan sana'a. Mujallun da muke magana a kansu su ne waɗanda masu Faransanci ke kira BD, amma samfurin Amurka: ƙananan littattafai na wata-wata, kowane shafi an yanka shi gida-gida, a kowane gida akwai hoto, maganar mutane kuma tana cikin wata kumfa mai wutsiya da ke nuna bakin mai maganar. Tun da Superman ya bayyana a fitowa ta farko ta Action Comics a 1938, daga hannun Jerry Siegel da Joe Shuster, labaran sadaukai masu baiwar da ta wuce ta bil'adama suka kasance masu surutun tsiya. Za ka ga an zana jarumi yana kai wa mugu naushi, a sama an rubuta cewa jarumi ya kai wa mugu naushi, shi kuma jarumin yana faɗa da bakinsa cewa ga naushi nan. Abu ɗaya, an faɗe shi sau uku.

Wannan ba wauta ba ce zalla. A wancan zamani a teburin mai jarida da kantin magani ake sayar da mujallun, yaro ya samu ta wannan wata, ya rasa ta wata mai zuwa. Don haka editoci suka riƙe ƙa'idar cewa kowace fitowa tana iya zama ta farko ga wani, dole a sake gaya masa sunan kowa da irin ƙarfinsa da abin da ya haɗa shi faɗa da wane. Jim Shooter, wanda ya shugabanci editocin Marvel daga 1978 zuwa 1987, ya yi ƙaurin suna wajen tsananta wannan ƙa'ida. Ga kuma tsoron iyaye da malamai. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya buga littafin da ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara da kashe musu karatu, a shekarar kuma kamfanonin suka kafa hukumar tace kansu da kansu. Sana'ar da ake zargi da hana yara karatu ba za ta yi gangancin fitar da littafin da babu abin karantawa a ciki ba.

Akwai kuma maganar kuɗi da suna, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan rigimar. A Marvel na shekarun 1960, Stan Lee yakan ba mai zane guntun labari, wani lokaci da baki kawai, sai Jack Kirby ko Steve Ditko su je su tsara shafukan duka su zana, daga baya Lee ya zuba kalmomi a kai. Wanda ya zuba kalmomin shi ake kira marubuci. To idan babu kalma a shafi, wa ya rubuta shi? A 1968 Jim Steranko ya buɗe fitowa ta farko ta Nick Fury, Agent of S.H.I.E.L.D. da shafuka uku na shiru, ana nuna mutum yana satar shiga wata ganuwa, kuma Steranko yakan ba da labarin yadda aka so hana shi ladan rubutu na waɗannan shafuka, da hujjar cewa ai babu rubutu a cikinsu. A wajen ofis, labari yana cikin haruffa, hoto kuwa ado ne.

A Turai an daɗe da sanin cewa ba haka ba ne. Frans Masereel, mutumin Beljiyam, ya buga littattafan labari na hoton sassaƙen itace tun 1918 da 1919, babu kalma ko ɗaya. Lynd Ward ya bi sawunsa a Amurka da Gods' Man a 1929, mai hotuna 139. A 1975 Bafaranshen nan Moebius ya fara Arzach a mujallar Métal Hurlant, labarin wani mahayin tsuntsu da ba ya magana, wanda ya girgiza masu zane a ɓangarorin biyu na teku. Sai dai waɗannan duka ayyuka ne masu zaman kansu, an shirya su tun farko a kan shiru. Abin da Hama ya yi daban ne: ya tsoma shiru a tsakiyar labari mai tafiya wata-wata, wanda ya saba da magana kuma zai koma magana a wata mai zuwa.

G.I. Joe, in za a bi diddigi, labarin sojoji ne da aka ƙirƙira don tallan 'yan tsanar kamfanin Hasbro, amma a kasuwa da tsari da masu karatu ɗan gida ɗaya ne da su Spider-Man. Hama, Ba'amurke ɗan asalin Japan wanda ya yi aikin soja a Biyetnam, mai zane ne kafin ya zama marubuci. Aiki ya makara, ya ga in ya zana labarin da kansa kuma ya tsallake mai rubuta haruffa zai rage kwanaki, ga shi dama ya daɗe yana son gwada abin. Ya yi zanen fensir, Steve Leialoha ya kammala da tawada.

Labarin a taƙaice: wani ninja mai fararen kaya, Storm Shadow, ya sato sojar nan Scarlett ya kai ta wata ganuwa a kan dutse. Abokinta Snake Eyes ya diro daga jirgi da laima don ya cece ta. Kafin ya iso ita ma ta kwance kanta, a ƙarshe ma ita ce ta ɗauke shi suka tsere. Abin da ya sa shirun ya zauna daram shi ne, Snake Eyes bebe ne, ya rasa muryarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, fuskarsa kuma kullum a rufe. Aikin da ya je yi na sanɗa ne cikin dare, abokan faɗansa ninja ne waɗanda sana'arsu ita ce kada a ji motsinsu. Mai karatu ba ya jin an hana shi wani abu, domin babu wanda ke da dalilin yin magana.

Sai shafin ƙarshe. Hannun rigar Snake Eyes ya yage a faɗa, ƙyallen da Storm Shadow ya naɗe hannunsa da shi ya warware, sai ga tambari iri ɗaya a damtsen kowannensu. Babu wanda ya nuna da yatsa, babu akwatin da ya ce "duba nan". Yaron da ya lura shi ya gano da kansa cewa waɗannan maƙiya biyu 'yan gida ɗaya ne, ya kuma jira har fitowa ta 26 da ta 27 kafin a ba shi tarihin. Wannan ita ce babbar fa'idar shiru: yana tilasta wa ido ya yi aiki. Mai karatun mujallar zane yana da wata ɗabi'a, idonsa na tsalle daga kumfa zuwa kumfa, hoton kuwa da gefen ido yake kallonsa. In aka cire kumfar, ba shi da mafaka sai hoton. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya yi dogon bayani a kan cewa ainihin labarin yana faruwa ne a farin filin da ke tsakanin gida da gida, inda ƙwaƙwalwar mai karatu ke haɗa abin da ya gani da abin da ba a nuna masa ba. Fitowar shiru tana ɗora masa wannan aiki ninki biyu.

A farkon 1984 ɗin dai John Byrne ya yi akasin haka a fitowa ta 6 ta Alpha Flight: jaruma mai siffar farar dabba tana faɗa da dodo cikin guguwar ƙanƙara, sai ya bar shafuka farare fat, gidaje babu hoto, sai kalmomi da ƙara. Wasu suka ce basira, wasu suka ce lalaci. Shi wannan Byrne ne ya rubuta fitowa ta 433 ta Batman a 1989, Jim Aparo ya zana, inda aka tsinci gawa cikin kayan Batman, labari ya bazu a birnin Gotham. Kalma biyu kacal aka furta a duk fitowar, lokacin da kwamishina Gordon ya kori kowa daga ɗakin gawa don ya buɗe fuskar shi kaɗai. Kalmomin biyu sun yi nauyin da ba za su taɓa yi ba a cikin shafi mai cike da surutu.

Daga nan abin ya zama ado, kuma a nan matsala ta fara. A watan Disamba na 2001, lokacin da Joe Quesada ke shugabantar editoci, Bill Jemas kuma ke shugabantar kamfanin, Marvel ta umarci yawancin mujallunta su fito babu magana a wata guda. Aka kira shirin 'Nuff Said, wata kalmar da Stan Lee ya saba rufe zance da ita, ma'anarta kusan "magana ta ƙare". Wannan wata shi ne gwaji mafi girma da aka taɓa yi wa fasahar, domin an ɗora ta a kan wanda ya shirya da wanda bai shirya ba, kuma sakamakon ya nuna inda take aiki da inda ba ta yi.

Wadda aka fi tunawa ita ce fitowa ta 121 ta New X-Men, ta Grant Morrison da Frank Quitely. Jean Grey da Emma Frost, masu baiwar shiga tunanin mutum, suka kutsa cikin ƙwaƙwalwar malaminsu Charles Xavier wanda ke kwance rai a hannun Allah. Duniyar cikin kai duniyar mafarki ce, ta alamu da surori, ba ta buƙatar jimla. Quitely ya zana hasumiya da teku da ƙofofi, har ya kai mu cikin mahaifa, inda muka ga jarirai biyu, ɗaya na ƙoƙarin halaka ɗaya. Duk da haka, a shafin ƙarshe sai da Morrison ya karya dokar, ya sa Jean ta faɗi abin da ta gani: cewa Xavier yana da 'yar tagwaye da ya nemi kashewa tun suna ciki. Wato ko fitowar da ta fi kowace nasara a watan ta isa wani wuri da hoto ya kasa tsallakewa. Hoto zai nuna maka jarirai biyu suna kokawa. Ba zai gaya maka da tabbaci wane ne wane ba, ko yaushe aka yi, ko me ya sa.

Sauran kuwa, da yawa sun yi ha'inci a fakaice. A fitowa ta 39 ta Amazing Spider-Man, ta J. Michael Straczynski da John Romita ƙarami, Gwaggo May da ta gano cewa ɗan da ta raina shi ne Spider-Man ta zauna gaban kwamfuta tana rubuta wasiƙu ga 'yan jarida, mu kuma muna karantawa a allon. Labarin yana da daɗi, amma kalmomin suna nan, wurin zama kawai suka sauya. Haka wasu suka cika shafuka da kanun jarida da takardun saƙo da allunan kan titi. Wasu kuma dokar ta faɗo musu a tsakiyar labari: Brian Michael Bendis, wanda duk ƙarfinsa a hira tsakanin mutane yake, bai wuce wata biyu da fara doguwar tafiyarsa da Alex Maleev a Daredevil ba sai ga fitowa ta 28 an ce kowa ya rufe baki. Abin da ya fi tona asirin shirin shi ne, Marvel ta buga wani ɓangare na rubutun marubuci a bayan mujallun, mai karatu ya duba ya ga abin da aka so ya fahimta. Labarin da sai an haɗa shi da takardar bayani bai tsaya da ƙafarsa ba.

Kuma akwai wanda ya fitar da kuɗinsa. Galibin mujallun watan dala 2.25 ake sayar da su. Fitowa mai magana takan riƙe mutum na ɗan lokaci, ta shiru kuwa in ba ka tsaya da gangan ba cikin 'yan mintoci ka kai bango, sannan ka jira wata guda. Masu kare fasahar sukan ce laifin mai karatu ne da bai iya kallo ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Idan mai zane bai zuba abin da zai tsayar da ido ba, babu abin tsayawa a kalla, kuma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. A 2009 Bendis da Stuart Immonen suka rufe Ultimate Spider-Man da fitowa ta 133, shiru daga farko har ƙarshe, a kan dala 3.99. Mujallar da aka so ta shekara tara saboda yadda matasanta ke zance ta yi ban kwana ba tare da kowa ya ce komai ba, kuma masu karatu da yawa ba su ji daɗi ba.

Inda shiru ya samu gindin zama na dindindin shi ne makoki. A 2011, bayan mutuwar Human Torch, Jonathan Hickman da Nick Dragotta suka yi babban labarin fitowa ta 588 ta Fantastic Four kusan babu magana. Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne inda Thor da Hulk suka tsaya a hamada suka bar Ben Grimm, ƙaton nan mai jikin dutse, ya yi ta dukansu har ƙarfinsa ya ƙare ya fashe da kuka. A 2013 kuma, bayan an kashe Damian, ɗan Batman na cikinsa wanda ke riƙe da matsayin Robin, Peter Tomasi da Patrick Gleason suka fitar da fitowa ta 18 ta Batman and Robin. Uba yana duba littafin zanen ɗansa. Tsohon bara Alfred yana hawaye a gaban hoton iyali da ba a gama ba. Batman ya fita cikin dare ya huce a kan masu laifi, ya dawo ya tarar da wasiƙar da yaron ya bari, a ƙarshe ya rungume kayan Robin babu kowa a ciki. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa ya san lokacin da kalmomi ke ƙarewa a zauna kawai, kuma Batman mutum ne da ko a ranar farin ciki ba ya faɗin abin da ke ransa. Da an sa masa jawabi, da an ɓata shi.

Amma a lura da abin da ya cika wannan shirun. Fitowa 17 da suka gabata, Tomasi da Gleason sun gina zaman uba da ɗa da magana: gardama, tsawa, baƙar magana, da 'yar yabon da ke fita da ƙyar. Mai karatun da ya bi su yana jin duk waɗannan muryoyi a kunnensa lokacin da yake kallon ɗakin da ya zama kango. Shirun yana cin bashin kalmomin da aka riga aka faɗa. Shi ya sa wannan fasaha ta yawaita ne bayan kasuwa ta koma shagunan musamman na mujallun zane daga ƙarshen shekarun 1970, inda mai saye yakan zama ɗan gida da ba ya fashin wata, ba yaron da ya tsinci fitowa ɗaya a teburin mai jarida ba.

Wannan ya kawo mu ga wata da'awa da ta shafe mu kai tsaye. Ana yawan cewa labarin zane marar kalma yare ne na duniya, wanda bai iya Turanci ba ma zai karanta. Ga mai karatu a Damagaram ko Garwa ko zangon Kumasi, wanda Turancin Amurka ba shi ne harshen makarantarsa ko na gidansa ba, wannan albishir ne mai daɗin ji. Rabinsa gaskiya ne. Miƙa masa Silent Interlude, zai gane an sace mace, an zo ceto, an yi faɗa, an tsere. Amma ba zai san cewa mai baƙaƙen kayan bebe ne ba, don haka rabin hikimar ta wuce shi. Miƙa masa makokin Batman, zai ga mutum yana baƙin ciki, ba zai san yaron ɗansa ne ba, balle ya san cewa sai da yaron ya kai shekara goma kafin uban ya san da shi. Iyayenmu sun yi shekaru suna kallon finafinan Indiya a sinima babu fassara kafin a fara juya su zuwa Hausa, kuma suna fahimta, amma don sun kalli da yawa ne har suka haddace tsarin: wannan fuskar ta mugu ce, wannan kiɗan na rabuwa ne, ga kuma na kusa da kai da ya riga ya kalla yana raɗa maka. Hoto ma yana da nahawunsa, kuma koyonsa ake yi.

Matt Fraction da David Aja sun gane wannan, suka mai da shi jigon aikinsu a Hawkeye. Fitowa ta 11, ta 2013, an ba da ita ta idon karen jarumin. Mutane suna magana, amma a cikin kumfar ba ka iya karanta komai sai 'yan kalmomin da kare ya sani, sauran duk gwalangwaso ne. Tunanin karen kuma an zana shi da ƙananan alamu masu haɗe da layi, ƙamshin wane yana kai shi ga wane. Fitowar ta ci kyautar Eisner ta 2014. A fitowa ta 19 kuma, bayan an soki jarumin Clint Barton a kunnuwa ya kurmance, kumfar magana tana nan a saman kan mutane amma babu komai a cikinta. Yayansa Barney yana yi masa magana da hannu, da yaren kurame na Amurka, Aja ya zana motsin hannun gida bayan gida, kuma ba a fassara ba. Kurman da ya iya yaren ya karanta shafin sarai. Mai ji da bai iya ba, wanda ya saba shi ake yi wa komai, ya tsaya yana kallon hannuwa yana ƙoƙarin cankar abin da 'yan'uwan biyu ke faɗa wa juna.